Mota Mai Tuƙa Kanta Ko Direba: Wa Ya Fi Hango Haɗari?

Tun da bidiyon motocin Waymo, kamfanin Amurka mai motoci masu tuƙa kansu, ya fara yawo, ake ta yi mini wannan tambayar.

Motar ba ta gyangyaɗi, ba ta amsa waya, kyamarorinta na kallon ko'ina. Matsalarta ganewa. A 2018 motar gwajin Uber ta kashe wata mata mai tura keke a Arizona, Amurka: ta hango ta, ta kasa tantance ko mece ce. Direban Kawo a Kaduna kuwa, ɗan Keke Napep na waigowa ya san zai yanko masa. Ita kuwa motar, a nan ga hazon hunturu, ga titi marar layi. Tsada ma ba a magana.

Motar ta dace da birni mai tituna tsararru. Mai bin Kasuwar Barci, ya riƙe direbansa.