Homer ko Hank: wa ya fi tona asirin matsakaitan Amurkawa?

Homer na The Simpsons da Hank na King of the Hill taurarin shirye-shiryen katun ne na talabijin. Dukkansu magidanta ne masu albashi da gida da mota, kuma a tashar Fox aka fara nuna su. Sai dai ba bulala ɗaya ake tsula musu ba.

The Simpsons, zanen Matt Groening da ya zama shiri mai zaman kansa a 1989, da kulki yake duka. Homer ne mai kula da kiyaye haɗari a tashar nukiliyar Springfield, amma aikinsa gyangyaɗi a kujera da cin donot. Duk da haka ga gidan bene, ga motoci biyu, ga 'ya'ya uku, a kan albashi ɗaya. A wani kashi na 1997 aka kawo Frank Grimes, sabon abokin aikin Homer, wanda ya sha wuya tun yana yaro. Ya shiga gidan, ya ga daular da malalaci ke ciki, takaici ya kusa fasa masa zuciya.

King of the Hill kuwa, na Mike Judge da Greg Daniels daga 1997, mintsini yake yi. Hank mai sayar da gas ne a Texas, mutum mai gaskiya har ta yi yawa. Yana tattalin ciyawar ƙofar gidansa kamar amarya. Da yamma sai ya tsaya jikin shinge da abokansa uku, kowa riƙe da gwangwanin giya, hira sai jefi-jefi. Ɗansa Bobby kuma ya ce shi ɗan barkwanci zai zama.

Ni dai Hank ya fi taɓa ni. Homer nakan yi masa dariya daga nesa, Hank kuwa har kunya yake ba ni.