Fim ko rumbun intanet: wanne ya fi kai bincike ga jama'a?

Mai nazarin al'adun mutane yana da hanyoyi biyu na nuna wa jama'a aikinsa.

Fim ya fi kama zuciya, kuma ba sai ka iya karatu ba. A shekarun 1950 wani Bafaranshe mai nazarin al'adu, Jean Rouch, ya ɗauki fim ɗin farautar dorina a kogin Neja, ya koma garin Ayorou na ƙasar Nijar ya nuna wa masuntan da suka yi farautar. Suka ƙi kiɗan da ya sa a ciki, wai dorina za ta ji ta gudu. Ka ga masu abin sun gyara wa mai bincike aikinsa. Sai dai fim zaɓin mai haɗa shi ne, abin da ya yanke ya tafi ke nan.

Rumbun intanet kuwa yana baje kayan duka. Hotuna da muryoyin da Northcote Thomas, Baturen Ingila mai nazarin al'adu, ya ɗauka a kudancin Najeriya da Saliyo daga 1909 zuwa 1915 yanzu ana samun su ta waya, jika na iya cin karo da fuskar kakansa. Amma yana cin data, kuma hoto ba bayani kurma ne.

Ni dai in za a tara mutanen ƙauye da dare, fim zan ɗauko.