The Simpsons: Na Daina Tsallake Mabuɗin Shirin

Wanda duk ya ɗauko The Simpsons zai kalla, shawarata ɗaya ce, ya cire yatsansa daga maɓallin nan na tsallake mabuɗi. Tun bara nake bin shirin a wata manhajar kallo da nake biya duk wata, ina ɗan haurawa daga tsofaffin zanguna zuwa na baya-bayan nan, kuma abin da na gani shi ne, a kashi da yawa, minti ɗaya ko biyun farko sun fi duk abin da ya biyo bayansu armashi.

Ga wanda bai san shirin ba, katun ne na Amurka wanda Matt Groening ya ƙirƙira, tashar Fox ta fara nuna shi a ranar 17 ga Disamba 1989, kuma har yau ba a daina ba. Mabuɗinsa sananne ne. Gajimare ya buɗe, kiɗan Danny Elfman ya tashi, sai ga Bart, yaron iyalin Simpson, a aji yana rubuta horon da aka ba shi a baƙin allo. Mahaifinsa Homer ya tashi daga aiki a tashar nukiliya, mahaifiyarsa Marge tana sayayya a kanti, ƙanwarsa Lisa ta fice daga ajin kiɗa tana busa saksafon ɗinta, kowa ya nufo gida a guje, a ƙarshe su haɗu a kan kushin a gaban talabijin. Tun farko masu shirin sun bar gurabe a ciki waɗanda suke sauyawa: abin da Bart yake rubutawa, busar Lisa, da kuma abin da zai faru idan an zo zama a kan kushin. Wani lokaci kushin ɗin ya haɗiye su, wani lokaci su tarar da wasu a zaune.

Wannan na kullum ke nan. Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da suka rushe mabuɗin gaba ɗaya saboda wani kashi na musamman.

Na Halowin, bikin shigar ban tsoro da ake yi a ƙarshen Oktoba, su ne kan gaba. Tun daga Oktoban 1990 duk shekara suna fitar da kashi ɗaya na ban tsoro, mai gajerun labarai uku. A na farko-farkon, Marge ce take fitowa daga bayan labule ta gargaɗi iyaye su kai yara su kwanta, daga nan kyamara ta bi ta maƙabarta, kowane kabari da rubutun barkwanci a kansa. Hatta sunayen ma'aikatan shirin ana jirkita su su koma na ban tsoro. Daga baya an daina na kaburburan, kuma ni ban ji daɗin hakan ba, domin irin barkwancin da sai ka tsayar da hoton ka karanta ne, ba a tura maka shi a baki.

A 2013 suka miƙa mabuɗin na Halowin ga Guillermo del Toro, daraktan nan ɗan ƙasar Meziko. Kusan minti uku ya ci. Hanyar da aka saba bi ita ya bi, daga makaranta zuwa tashar nukiliya zuwa kanti zuwa gida, amma garinsu, Springfield, ya cika da dodanni, kuma kowane lungu akwai wani abin da aka aro daga tsofaffin finafinan ban tsoro. Mista Burns, attajirin garin, ya fito da idanunsa a tafin hannu. Ban san rabin finafinan da ake nuni da su ba, gaskiya, amma hakan bai hana ni maimaita shi ba. Labaran uku da suka biyo baya kuwa tuni na manta su.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na Banksy, mai zanen bango ɗan Ingila da yake ɓoye fuskarsa, wanda aka nuna a watan Oktoban 2010. Ya faro kamar yadda aka saba, sai dai sunansa a rubuce a bangon gari. Iyalin suka zauna a kushin, sai launi ya dushe, kiɗan ya koma na makoki. Aka nuno wani ɗaki mai duhu, ma'aikata 'yan Asiya a jere, kowa ya sunkuya yana shafa launi a hoton iyalin Simpson, wani ƙaramin yaro yana tsoma takardun a cikin ruwan guba. Aka gangara ƙasa, ga 'yan kyanwoyi ana jefa su a inji domin a cusa gashinsu cikin 'yar tsanar Bart, ga dabbar panda da ta galabaita tana jan amalanke, ga wani doki mai ƙaho ɗaya a ɗaure da sarƙa, da ƙahonsa ake huda ramin tsakiyar faifan DVD. Da kyamara ta ja baya, ashe duk wannan a cikin tambarin 20th Century Fox, kamfanin da yake shirya shirin a lokacin, yake faruwa, an kewaye shi da waya mai ƙaya kamar gidan yari. Dalilin zambon a fili yake, domin an daɗe ana kai aikin zanen shirin Koriya ta Kudu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tashar ta yarda aka nuna. Na san wani zai ce ai wannan ma salon talla ne, kamfani ya zagi kansa da kansa domin a yaba masa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ko da hakan ne, ban ga wani shirin barkwanci da ya yi irinsa kafin a fara labari ba.

Na Don Hertzfeldt, wanda ya buɗe zango na 26 a 2014, shi kam ba kowa zai so shi ba. Homer ya danna rimot, lokaci ya gudu da shi zuwa dubban shekaru a gaba, inda har yanzu ana yin shirin, amma iyalin sun koma wasu halittu marasa siffa, kowa yana maimaita guntuwar magana ɗaya. Ƙanena da muke kallo tare ya ɗauka hoton ne ya lalace. Ni kuma na ga kamar shirin ne yake yi wa kansa habaici a kan daɗewarsa.

Ba sai da dogon aiki ba kuma. Marcia Wallace, wadda take yin muryar malamar ajin Bart, ta rasu a watan Oktoban 2013. A kashin da aka nuna ranar 3 ga Nuwamba, Bart yana tsaye a gaban allo, fuskarsa a yamutse, maimakon ya cika allon da layuka kamar kullum, layi ɗaya tak ya rubuta, cewa za su yi kewarta ƙwarai. Daƙiƙa kaɗan ne. Wanda ya danna maɓallin tsallakewa ba zai taɓa ganin wannan ta'aziyyar ba. Haka kuma bayan zaɓen Amurka na 2016, allon ya koka da cewa hasashensu ya zama gaskiya, saboda tun a shekarar 2000 wani kashi ya ambaci Trump a matsayin shugaban ƙasa.

Maɓallin nan, Netflix ce ta yaɗa shi a 2017, sauran manhajoji suka bi sahu, kuma a yawancin shirye-shirye yana da amfani, ba na musu. Idan mabuɗi ɗaya ne ake maimaita maka tun daga kashi na 1 har na 80, tsallake shi ba asara ba ce. Matsalar ita ce manhajar da nake amfani da ita ba ta bambanta shiri da shiri. Da zarar gajimaren ya bayyana sai maɓallin ya faɗo a gefen allo yana kiranka, kuma babu wata alama da take nuna cewa na yau daban ne. Sai ka ce a gayyace ka walima, mai tsaron ƙofa ya bi da kai ta bayan gida kai tsaye zuwa wurin wanke hannu. Masu kallon Game of Thrones ma sun san wannan, domin taswirar da take buɗe shirin tana sauyawa gwargwadon garuruwan da labarin ranar zai je, har ma akwai lokacin da aka riƙa nuna hayaƙi yana tashi daga fadar Winterfell bayan an ƙona ta. Masu Simpsons ɗin ma sun kwaikwayi wannan taswira a 2012, da garin Springfield.

Sai dai ba duk sauyi ne abin yabo ba. Akwai wani dogon wasan kushin da aka fara nunawa a 1992, inda iyalin suke jerin rawa tare da 'yan rawa da giwaye, wanda aka yi ta dawo da shi duk lokacin da labari ya gaza cika lokaci. Da ka gan shi ka san ciko ne. A zangunan baya-bayan nan kuma gayyatar baƙi ta yi yawa har ta fara zama al'ada, wani lokaci ka ji kamar an yi mabuɗin ne domin a yanko shi a yaɗa a YouTube, shi kuwa labarin ko oho. Rubutun allon ma da Turanci ne, yana wucewa da sauri, kuma da yawansa a kan al'amuran cikin gidan Amurka ne, wanda idan ba ka bin labaransu zai wuce ka.

Iyaye kuma su lura, ganin katun ne bai sa ya zama na yara ba. Na Halowin akwai jini da sare-sare, Homer kuma ba ya rabuwa da giya, don haka ni sai yara sun yi barci nake kunnawa.

Wanda datarsa ba ta da yawa, ya fara da zango na 3 zuwa na 8, nan ne labari da mabuɗi duk suke da ƙarfi. Daga zango na 20 zuwa sama, bayan sun sabunta zanen mabuɗin a Fabrairun 2009, ni dai nakan kalli minti biyun farko tukuna, sannan in yanke shawarar ko zan ci gaba.