Hattara da masu tallar ragar sauro mai naɗewa a Abuja

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan saƙo na mazauna Abuja ne, musamman masu zama a sababbin rukunin gidaje na Lokogoma, Lugbe, Kubwa da Gwarinpa. Akwai wasu da ke tallar ragar sauro mai naɗewa, irin wadda ake ɗaura wa taga mai zugewa, suna karɓar kuɗin mutane suna ɓacewa. Waɗanda ba su ɓace ba kuma, sai su liƙa maka tarkacen da ba zai ga ƙarshen damina ba. Sana'ata aikin alminiyam ce, tagogi da ƙofofi, kuma tun faɗuwar ruwan bana mutane ke zuwa shagona da wannan kukan. Ba zan sa sunan shagon ko lambata a nan ba, kada a ce talla na zo yi.

Ita kanta ragar ba ta da laifi, abu ne mai kyau idan an yi shi da gaskiya. Iri biyu aka fi gani. Ɗaya tana da dogon akwati na alminiyam a gefen taga ko a samanta, a ciki akwai sanda mai sifirin da ragar ke naɗuwa a jikinta kamar tabarma; ka ja ta rufe taga, ka saki ta koma cikin akwatinta. Ɗayar ninki-ninki ce, ba ta da sifirin, wasu siraran igiyoyi ne ke riƙe da ita, tana tattaruwa gefe guda in ka tura ta. Mutane na son su saboda tsohuwar ragar da muka saba, wadda ke kan layi na uku na taga, tana tara ƙura, tana rage haske, kuma da yara sun jingina da ita sau biyu ta yage. Ga sauro kuma, daga Afrilu zuwa Oktoba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya a Najeriya suke. Uwar da ta kwana asibiti da yaro an rataya masa ruwa, in ta ga bidiyon taga ana zuge mata raga sumul, ba sai an yi mata dogon lallashi ba. A nan mutanen ke shiga.

Tallar takan fito a Facebook ko Instagram. Bidiyo mai kyau, ɗaki fes, hannu yana jan raga tana tafiya ba ko ƙara. Ku tsaya ku kalli bangon ɗakin da kyau. Sau da yawa za ku ga soket ɗin wuta mai zagayayyun ramuka biyu ne, ba irin namu mai ramuka uku ba, kuma babu ƙarfen tsaro a tagar, alhali da wuya ka samu taga marar shi a gidan Abuja. Bidiyon wani kamfani ne na Turkiyya ko China aka kwafo, aka goge sunansa aka manna wani. A ƙasa sai a rubuta cewa garaɓasa ce, za ta ƙare a ƙarshen mako, kuma awo kyauta ne.

Awon nan shi ne ƙugiyar, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Duk wanda ya zo mini da ƙorafi maganarsa ɗaya ce: ai sun zo har gida sun auna. Wata Hajiya daga Lokogoma ta ce mini, "Malam, da a waya kawai muka yi magana ai da ban tura ko sisi ba. Yaro ya zo da tef ɗinsa da littafinsa, ya shiga ɗaki-ɗaki, har ruwa na ba shi ya sha." Na ce, "Hajiya, wuri nawa ya auna a kowace taga?" Ta ce faɗi sau ɗaya, tsawo sau ɗaya, ya rubuta ya wuce. Nan na san labarin.

Wanda zai haɗa ragar da hannunsa ba ya awo haka. Bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa sak ba, don haka faɗin taga ana auna shi a sama da tsakiya da ƙasa, tsawo ma a hagu da tsakiya da dama, sannan a yi aiki da mafi ƙanƙanta. Bayan haka dole ya auna zurfi, wato tazarar da ke tsakanin taga da ƙarfen tsaro, domin akwatin ragar yana buƙatar wurin zama, kuma a gidaje da yawa ƙarfen yana manne da tagar ta yadda ko yatsu uku ba za su shiga ba. Zai tambaye ka wane ɓangare kuka fi buɗewa, tunda taga mai zugewa rabi ɗaya ne ke buɗuwa a lokaci guda. Zai duba ko mariƙin tagar zai riƙa karo da ragar. Wani lokaci ma zai ce maka wannan tagar ba za ta ɗauki irin wannan raga ba, a bar ta da tsohuwa. Mai awon da ya ce duk tagogin gidanka za su yi, bai tsaya ko ɗaya ba, ba shi zai yi aikin ba.

Kuma yawanci shi yaron ma bai san komai ba. Ɗaya daga cikinsu maigadin wani rukunin gidaje ya gane shi da ya dawo yin awo a wani gidan, aka tsare shi a bakin get. Cewa ya yi, "Wallahi Oga, ni ban taɓa ganin mutumin ba. A waya yake turo mini adireshi, in je in auna in tura masa hoton takarda, ya sa mini kuɗin mota da ɗan na abinci." Ni na yarda da shi. Aikin yini ya samu, bai san shi ne shaidar da ake nuna wa mutane ba. Amma ku lura da ɗaya ɓangaren: wani da ba ku sani ba yanzu yana da hoton cikin gidanku, ya san yawan ɗakuna, ya san tagar da ƙarfenta ya yi tsatsa.

Bayan awo sai takardar lissafi ta zo ta WhatsApp, da tambari da lambar rajista da adireshin shago a Dei-Dei ko Gudu. Farashin yana ƙasa sosai da abin da mu da ke sayen kayan muka san zai iya fitar da aiki. A ce ka ba da kashi 70 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran in an ɗaura. Lambar asusun da za a turo maka kuwa sunan wani mutum ne daban, ba sunan kamfanin da ke kan takarda ba, a ce na manaja ne ko na mai ajiyar kuɗi. Daga nan sai uzuri. Kwantena ta maƙale a tashar Apapa. Mota ta lalace a Lokoja. Dala ta tashi, a taimaka da ɗan ƙari don a fito da kaya. Wasu har ƙarin suna turawa, saboda wanda ya riga ya zuba da yawa ba ya son yarda cewa sun tafi. Wata rana ka tura saƙo ka ga alama ɗaya tak, hoton kan lambar ya ɓace. Ka je adireshin ka tarar da mai sayar da tayil da bai taɓa jin sunansu ba.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta zauren unguwa. Sukan nemi shugaban mazauna rukuni ko wata uwa da ake jin maganarta, su yi mata aikin tagogi biyu ko uku, aiki mai kyau na gaske, da kayan da suka saya a wurin masu sana'ar. Ita kuma ta ɗauki bidiyo ta sa a zauren WhatsApp na unguwa da zuciya ɗaya, tana sa albarka. Sai su ce in gidaje goma suka haɗu za a yi ragi mai yawa, amma a biya tare kafin Juma'a. Mutane su tura, ba don sun san kamfanin ba, sai don sun san Hajiya. Ranar da lambar ta daina shiga, ita ake bugawa. Na ga dattijuwa a shagona idonta ya ciko, tana cewa da wace fuska za ta je walimar maƙwabta. Ba ta ci ko kwabo ba, amma sunanta ne ya tafi da kuɗin.

Sai masu kawo kayan banza, waɗanda su a ganinsu ma ba su yi laifi ba tunda sun kawo wani abu. Na kwance irin aikinsu da hannuna a Kubwa. Firam ɗin da aka ce alminiyam ne, na kai masa mayen ƙarfe ya manne ɗaf. Siririn ƙarfe ne aka shafa wa farin fenti, har ya fara zubar da jan ruwa a kan dakalin taga. Alminiyam mayen ƙarfe ba ya kama shi, wannan gwaji ko yaro zai iya yi. Ragar kuma nailan ce. Ta ƙwarai zaren gilashi ce da aka lulluɓe da roba, in ka yanki ɗan guntu ka kanga masa ashana robar ce za ta ƙone, zaren ya tsaya yadda yake; nailan kuwa narkewa take ta dunƙule. Idanun ragar ma akwai ma'auninsu, wadda aka fi amfani da ita tana da ramuka 18 a tsaye da 16 a kwance cikin kowane inci, kuma mai sana'a zai gaya maka wannan ba tare da ya yi inda-inda ba. A gefen hanyar da ragar ke bi ya kamata a sami siririn burushi da ke toshe kafa. A wancan aikin babu shi, akwai tazarar da biro zai shige. Sauro ba ya buƙatar fiye da haka, kuma mutanen gidan sun daina sauke gidan sauro da dare saboda suna ganin sun yi maganin abin. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, masu ɗaurawar sun cire tsofaffin ragogin tagogin sun ce za su taimaka su zubar. Firam ɗinsu alminiyam ne na gaske, 'yan gwangwan na saye da kilo.

In kana son wannan raga, ka je shagon da ƙafarka kafin ka tura komai. Ka ga injin yanka, ka ga sandunan alminiyam a jingine, ka ga naɗin raga, ka ja samfurin da ke rataye ka ji ko sifirin yana mayar da ita da kansa. Ka nemi a nuna maka gidan da aka yi wa aiki tun bara, wanda ya sha ƙurar hunturu, domin ƙura ce ke fara kashe irin waɗannan ragogi in ta cika hanyarsu. Sunan kamfani da lambar rajistarsa kana iya bincika su kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai dai ka sani cewa ɗan damfara na iya kwafar lambar wani, don haka abin dubawa shi ne ko sunan asusun banki ya yi daidai da sunan da ke rajista. Kafin alƙalami ba laifi ba ne, mu ma muna karɓa tunda kayan yankawa ake yi daidai da tagarka, ba za a sayar wa wani ba. Amma ka fara da taga ɗaya, ka biya kuɗinta, ka zauna da ita mako biyu. Wanda ya ce shi ba ya aikin taga ɗaya, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirun ne ke ba su damar komawa layi na gaba. Ka sanar da bankinka nan take, a rubuce, da lambar tiransifa da lambar asusun da kuɗin ya shiga. Ka ɗauki hoton duk hirarku da takardar lissafin da shafin tallar kafin su goge. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma in kuna da yawa ku tafi tare ku rubuta ƙorafi guda, ya fi nauyi. Hedikwatar EFCC tana nan Jabi, tana karɓar koke kan zamba cikin aminci. Wanda aka kawo wa kayan da ba su ne aka yi ciniki a kai ba yana iya kai kuka ga FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Ban ce kuɗin za su dawo ba, don sau da yawa ana kwashe su daga asusun cikin mintuna. Kuma da zarar ka rubuta a zaure cewa an damfare ka, wani zai biyo ka ta bayan fage ya ce yana da ɗan'uwa a banki da zai dawo maka da kuɗin in ka ba da na aiki. Kada ka ba shi, kuma kada ka faɗa wa kowa lambar sirrin da banki ke turo maka.

Shugabannin unguwanni kuma, ku gaya wa masu gadi cewa duk mai zuwa awon taga ya ajiye katin shaida a get, a rubuta sunansa da lambar wanda ya aiko shi, kuma kada a bar shi ya shiga ɗakuna sai da babban mutum a gidan.