Gargaɗi ga masu Hilux da Land Cruiser: a kula da masu cewa birenbos ya mutu don allura tana rawa

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da Daura, musamman masu motocin shiga daji da direbobinsu. Sana'ata wayarin mota, kuma abin da nake gani yana shigowa garejinmu a 'yan kwanakin nan ya kai in yi magana, domin ana cin dukiyar bayin Allah a kan matsalar da sau da yawa ba ta wuce ɗaure noti ɗaya ba.

Matsalar ita ce ta agogon da ke nuna juyin inji, wanda ke gefen na gudu a dashbod, mai lambobi 1, 2, 3 zuwa sama, kowace lamba juyi dubu ce a minti ɗaya. Kana tafiya lafiya sai allura ta faɗi ƙasa, ka daki rami ta tashi, gobe da safe ta yi aiki kamar ba ita ba. Duk wanda motarsa ke bin hanyoyin ƙauyukan Mashi da Mani, ko ta ɗauko kaya daga kasuwar Mai'aduwa ta bi burji da yashi, ya san wannan. Girgiza da ƙura da ruwan damina su ne ke cin soket da waya a irin motocin nan.

Ga yadda masu wannan damfara suke yi, suna ɗora laifin a kan birenbos, wato akwatin kwamfutar da ke sarrafa injin mota. Mutum ne zai zo da 'yar kwamfuta a jaka, wani lokaci a Facebook ko TikTok ka gan shi yana tallan cewa yana zuwa har gida ya duba mota. Zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya juya maka baya, ya yi ta latse-latse yana girgiza kai, sannan ya ce: "Alhaji, sai haƙuri, birenbos ɗinka ya fara tafiya. In ba a canza shi a satin nan ba, wata rana a daji zai tsayar da kai." Da ya ambaci tsayawa a daji ya gama da kai, domin a halin da ake ciki babu mai son motarsa ta mutu masa a hanyar Jibiya ko ta Batsari da yamma. Tsoron nan shi ne jarinsu. Daga nan sai ya ce yana da dila a Legas mai kawo na Beljiyam, ya ba ka lambar WhatsApp, dilan ya turo hoto, ya ce a tura rabin kuɗi a sa a mota.

Wasu daga nan labari ya ƙare, kuɗi sun tafi, lamba ta daina shiga. Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaya salon. Zai cire birenbos ɗinka ya ce zai je ya gwada, bayan kwana biyu ya dawo da "sabo" a leda. Wani bawan Allah ya kawo mana Hilux ɗinsa bayan an yi masa haka, allura ta koma rawarta. Da muka ciro akwatin, an wanke shi da fetur yana ƙyalli, an manna masa wata takarda a kan ta asali, amma ƙurar jan ƙasa tana nan maƙale a lungun soket ɗin, kuma tabon da notin motarsa ya yi a kunnen akwatin ya zauna daidai wurinsa. Nasa aka sayar masa. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce: "Malam, kuɗin takin bana ne na ba shi." Akwai kuma waɗanda ake ɗauke musu nasu mai kyau a sa musu wanda aka taɓa buɗewa aka yi wa faci, su kuma su sayar da na asalin.

Abin da ke rufa musu asiri shi ne ciwon mai zuwa ne yana tafiya. Ko ba a gyara komai ba, da an taɓa wayoyi an mayar da soket, allura takan zauna na 'yan kwanaki, mai mota ya ɗauka an yi aiki, har ya yi godiya ya ƙara da na shan ruwa. Kafin ta dawo da halinta, mutumin ya bar gari.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kamata kowane mai mota ya sani kafin a yanke wa motarsa hukunci. Agogon nan ba shi da wata dabara ta kansa, saƙo yake karɓa ta waya. A tsofaffin motocin fetur daga kwayil yake karɓa. A tsofaffin na dizal, wasu daga wata 'yar sensa da ke jikin famfon injekta, wasu kuma, har da taraktoci da yawa, daga altaneta, ta wata ƙafa da aka rubuta wa W. Irin waɗannan, in fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta, ya saki yana zamewa ko altaneta ta fara gajiya, allura za ta yi ta sauka, kuma sau da yawa fitilar batir takan ɗan yi ƙyaftawa tare da ita. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai lita 4.2, da 3L na tsohuwar Hilux, famfonsu na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke ba su mai ba. Duk wanda ya dubi irin wannan mota ya ce birenbos ne ya hana allura zama, ko dai bai san aikin ba ko kuma aljihunka yake nema.

A sababbi kuwa, irin Hilux daga 2005 zuwa yau, sensar kiranshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji) ce ke gaya wa birenbos juyin inji, shi kuma ya aika wa agogo. To a nan ne hujjar take. Da wannan saƙon ne birenbos ke ba da wuta da mai. In da sensar ce ke ɗaukewa ko akwatin ne ke mutuwa, injin ma zai yi tuntuɓe, ya yi fizga, ko ya mutu gaba ɗaya, fitilar inji ta kama, na'ura ta nuna lamba irin P0335. In kuwa allura ta faɗi sifili alhali inji yana ta aikinsa sumul, sautinsa bai canza ba, to laifin yana tsakanin waya da soket da agogon kansa. Kamar wayar caja ce da sai ka lanƙwasa ta take kamawa, ba wanda ke jefar da wayar salularsa saboda haka.

Gwajin ba ya buƙatar a kai motarka ko'ina. A tayar da inji a bar shi a silo, ba tare da an taka totur ba, kai kana kallon allura, mai gyara yana motsa wayoyi ɗaya bayan ɗaya: kan batir, wayar nagetif da aka ɗaure a bodi da wadda ke jikin inji, soket ɗin altaneta, soket ɗin bayan dashbod. Inda ya taɓa allura ta yi tsalle, nan ne. A motar bawan Allahn da na ambata, wayar nagetif ce ta bodi, notinta ya saki, ƙarƙashinsa ya yi tsatsa da wani kore-kore. Muka goge da samfefa har ƙarfe ya fito fari, muka ɗaure. In ka ɗan bugi saman dashbod da tafin hannu allura ta farka, to dalmar cikin agogon ce ta tsage saboda girgiza, mai gyaran rediyo ma yana iya sake ta. A sa mita a batir kuma: inji a kashe wajen bolt 12.6, inji yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5. In lambar tana hawa da sauka, a nemi altaneta.

Ita ma kwamfutar da ake duba mota da ita ba laifinta ba ne, abu ne mai amfani a hannun mai gaskiya. Tana iya nuna juyin inji kai tsaye da lambobi. Ka ce ya juyo maka da fuskarta ka gani da idonka, gani ya kori ji. In ita tana nuna 700 ko 800 a tsaye cak lokacin da allura ta faɗi, birenbos ɗinka lafiyarsa lau, shi ne ma yake ba da wannan lambar. Wanda ya ƙi nuna maka, ya ce ba za ka gane ba, ka biya shi kuɗin zuwansa ya tafi.

Direbobi, ku ma ina roƙonku don Allah. Sau da yawa maigida yana gida, ku ne a kan mota, ku ake samu a tasha ana cewa ku shawo kansa akwai naku a ciki. Amana ce aka ba ku, kuma ranar da akwatin facin ya mutu a hanya ku ne a ciki.

In har ta tabbata sai an cire birenbos ko agogon, kafin a taɓa ka ɗauki hoton takardar jikinsa da lambobinta, na Toyota yawanci da 89661 suke farawa, ka kuma karce wata alama taka a inda ido ba ya saurin kaiwa. A cire a gabanka, a sa a gabanka, tsohon kuma ka riƙe abinka. Ka sani cewa a motoci masu mukulli mai sirri, in aka sa wani birenbos na daban sai an sake haɗa shi da mukullin kafin mota ta tashi, don haka wanda ya kawo "sabo" ya jona ta tashi nan take ba wani saiti, akwai tambaya a kansa. Shi ma agogon, ka rubuta kilomitar da ke jiki kafin ya fita daga motar. Kaya kuma ka sa wani naka ya taya maka a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko ka je da mai gyaran da ke da gareji tsayayye, wanda shugabannin ƙungiyar makanikai suka san shi, inda za ka iya komawa gobe.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya tsaya jiran alkawarin "gobe kaya za su iso". Ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi da shaidar turawa, ya adana hirar WhatsApp da lambar asusun da sunan da ya fito, kada ya goge komai, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko EFCC. A tura wannan saƙo ga masu motocin kasuwa da na gona da kuka sani, musamman dattawan da ba sa shiga intanet, a karanta musu.