Sashen ƙorafi na ICANN: yana aiki, amma da iyaka

Idan kamfanin da ya yi maka rajistar adireshin intanet na .com ya hana ka lambar sirrin sauya kamfani, kai kukanka ICANN, ƙungiyar da ke kula da tsarin adiresoshin intanet, kyauta ne. Ƙa'ida ta ba kamfanin kwana 5 ya miƙa lambar. Haɗa hoton saƙon da ka tura masa, da kwanan wata, don ba hujja ba magana. Rajistar da ba ta kai kwana 60 ba kuwa, kada ka wahalar da kanka, don ƙa'ida ta yarda a hana sauya kamfani a wannan lokacin. Adireshin .ng hurumin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Najeriya.

Inda gizo ke saƙar: yawancin kuɗin ICANN daga kamfanonin rajista da masu riƙe da adiresoshi irin su .com yake fitowa, kuma ba ta saurin soke yarjejeniyarta da kamfanin rajista, sai gargaɗi ya ƙi ci. Kuɗinka ma ba ta karɓo maka.