Shagon maganin dabbobi da garin yalon da na ba ƙudan zumana

Jama'a bari in faɗi abun da na gani game da wani shagon maganin dabbobi da nake zuwa nan cikin garin Katsina, bazan kama suna ba dan har yanzu kwastomansu ne ni kuma mai shagon mutumin kirki ne. Shekara ukku kenan can nake sayen rigakafin kaji, Lasota da Gumboro duk, kuma gaskiya ta wannan ɓangaren ban da ƙorafi ko ɗaya. Firij ɗinsu kan sola yake, ko an kwana biyu ba wuta zaka samu rigakafin da sanyinshi, har ƙanƙara suke sa maka cikin leda ka taho da ita. Duk mai kiwon kaji a Katsina ya san wannan ba ƙaramin abu bane.

Inda muka samu matsala shine zuma. Ina da amya shidda a gonarmu ta wajen Batagarawa, to da bazara ta shigo zafi yayi zafi fure ya ƙare sai naga ƙudan sunyi sanyi, zirga-zirgar bakin amya ta ragu sosai. Naje shagon sayen abun kaji, likitan baya nan sai yaronshi, cikin fira nake bashi labari, budar bakinshi yace ai Alhaji ga oksitetrasaikilin nan na kaji, ka zuba kaɗan cikin ruwan sukari ka basu zasu warware, masu zuma da yawa na saye. Garin nan ne yalo na cikin sacet, antibayotik ne wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, ɗan uwan kafson ja da yalo da mutanenmu ke afawa da ciki ya ɗan murɗa. Bai tambaye ni mi na gani cikin amyar ba, nima ban tambaye shi awo ba, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba, na karɓa na taho.

Amya ukku na ba, sauran ukkun ruwan sukari zalla suka sha, ba dan wayo ba wallahi, kwanon da na haɗa da maganin ne ya ƙare kuma magariba tayi. Bayan kamar sati biyu ukkun da suka sha sukari zalla sun ɗan farfaɗo, waɗanda na yi ma gatan kuwa gawar ƙuda ce zube ƙasan amya tururuwa na ja, ɗaya daga ciki ma ƙarshe tashi sukayi gaba ɗaya suka bar mani saƙa wayam.

Ƙanena dake karatun maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, a jami'ar Umaru Musa Yar'adua shi ya zaunar dani. Yace Yaya kasan ƙudan zuma na da bakteriya a hanji masu yi mashi aiki kamar yadda mutum ke dasu? Nace ɗan wannan cikin har wani abu zai zauna ciki? Ashe akwai, kuma basu da yawan iri, kamar kala takwas zuwa tara ne manyan. Ɗaya sunanta Snodgrassella, ita ke shimfiɗa kanta jikin bangon hanji kamar yaɓe ta tare ma mugayen ƙwayoyin cuta wurin zama. Wata kuma Gilliamella, ita ke taimakawa wajen narka garin fure, har wani irin sukari dake cutar da ƙuda takan cinye shi. Abun da yafi bani mamaki, ƙudan da ya fito sabo daga saƙa hanjinshi kusan wayam yake, wurin 'yan uwanshi na cikin amya yake samun su a kwanakin farko. Kaga in ka wanke cikin manyan, ƙananan ma ba inda zasu gada.

Ya nuna mani binciken da akayi a jami'ar Texas dake Austin a Amurka, ɗakin binciken Farfesa Nancy Moran, ya fito 2017. Sun ba wasu ƙudaje ruwan sukari da tetrasaikilin, ɗan uwan maganin da na ba nawa, kwana biyar, wasu sukari zalla, suka ɗiga masu fenti a baya suka maida su amya. Bayan kwana ukku waɗanda basu sha magani ba an samu kusan biyu cikin ukku, waɗanda suka sha kuwa kusan ɗaya cikin ukku kawai. Bakteriyar hanjin ta ragu sosai, sai wata mai suna Serratia da da can bata da ta cewa ta samu fili ta riƙa kashe su. Ina jin haka jikina yayi sanyi, dan kusan abun da nayi kenan da hannuna, bambancin su da gangan sukayi ni kuwa magariba ce tayi mani.

Kuma ba wai maganin baida amfani ga zuma bane kwata-kwata. Akwai cutar ruɓewar 'ya'yan ƙuda cikin saƙa, zakaji ɗoyi, in ka sa tsinken ashana ka jawo sai abun ya biyo kamar yauƙi, dan ita Amurkawa suka daɗe suna amfani dashi tun shekarun 1950. Amma ko ita ɗin baya kashe irin cutar dake kwance cikin saƙa shekara da shekaru, shiyasa wurare da yawa ƙone amyar akeyi. Daga Janairun 2017 a Amurka sai da takardar likitan dabbobi ake sayar ma mai zuma, Tarayyar Turai kuma bata yarda a samu ragowar antibayotik cikin zuma ba. Nawa ba ɗoyi ba ruɓa, yunwa ce kawai da ƙishirwa, ruwa da sukari da inuwa suke so.

Har buzuzu bai tsira ba, ƙanen nawa yace a Finland an gwada, binciken ya fito 2016, shanun da aka ba tetrasaikilin kashinsu ya canza bakteriyar cikin buzuzun dake ci. Sai na tuna yadda ake dirka ma shanu allurar nan a kara ranar kasuwa ba mai tambaya, Allah dai ya kyauta.

Na koma shagon na samu likitan da kanshi, nace ranka ya daɗe ga abun da ya faru. Bai yi gardama ba, ya kira yaron gabana yayi mashi faɗa, yace shi kanshi kaji da awaki da shanu ya sani, zuma ba fanninshi bane, ya kuma ce kar in kuskura in yanki zumar amyoyin nan biyu in saida ma mutane a wannan zagayen. Wannan ya burge ni dan wani cewa zaiyi ai kai ka cika awo.

In maki zan bada cikin biyar, rigakafin kaji biyar cif, shawara in likita na nan huɗu, in yaron ne kaɗai kan kanta ɗaya, itama dan yana da fara'a. Likitan yafi zama da safe kafin sha biyu. Ragowar sacet ɗin na miƙa mashi, amyar da ta tashi kuma na goge ta da kaki na rataye kan ɗorawa ko Allah zai kawo wasu in ruwa ya sauka.